Jinin Tukunya Ɗaya

Tun Moeroa tana da wata goma sha biyar Upokoina ta daina sa mata riga ta ka. Hannuwan yarinyar ba sa ɗaguwa sama da kafaɗa, in an matsa sai ta sa kuka. Don haka uwar ta farke duk rigunanta ta baya ta ɗinka musu maɓalli. 'Yan yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙafar ƙaguwa, hanci kullum a jiƙe, ga minshari ko da rana tsaka.

Mijinta Teokotai, mai kamun kifi, bai ɗauki abin da zafi ba.

"Kan kakana ta ɗauko," in ji shi, yana shafa ƙaton goshin yarinyar. "Tsohon nan sai da aka saƙa masa hula ta musamman. Ke dai ba ki da aiki sai jujjuya yara kamar mai zaɓen kifi."

"Kakan naka shi ma ba ya iya sosa ƙeyarsa?"

"Yana da mata, me zai sa ya sosa da kansa?"

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta ɗaure yarinyar a ƙirji, ta hau babur zuwa asibiti, aka ɗebi jini.

Bayan kwana biyu aka kira ta ɗakin gwajin jini. Mai riƙe da ɗakin ita ce Tereapii, wadda suka zauna benci ɗaya a firamare. Tereapii ta wuce gaba, ta yi shekara tara a waje tana karatu da aiki, bara ta dawo tsibirinsu, Rarotonga. Upokoina kuwa daga aji shida ta koma taya uwarta dafa gwaza a kasuwa.

"Shigo mana, 'yar kunya! Har yanzu a bakin ƙofa kike tsayawa? Zo ki sa ido a nan. Ido ɗaya, ba hanci ba."

Upokoina ta leƙa madubin ƙara girma. Ta ga jajayen ƙwayoyi birjik, da wasu manya jefi-jefi, cikinsu cike da ɗige-ɗige masu duhu, kamar an barbaɗa yashin dutse a kan dafaffen rogo.

"Manyan nan su ne fararen ƙwayoyin jini," in ji Tereapii, muryarta ta sauka. "Bai kamata su cika haka ba. Kin san reshen kwakwa, sanda ɗaya a tsakiya, ganye jere dama da hagu? Akwai wani abu mai wannan siffa a jikinmu, ido ba ya ganinsa. Sandar ta nama ce, ganyen na sukari. Shi ke riƙe ruwa a guringuntsi da fata da gaɓoɓi. Yauƙin nan da kike gani in an fasa gaɓar alade, danginsa ne. Jiki na yin sabo kullum, yana sassare tsohon yana zubarwa. 'Yarki ba ta da addar sarewar."

"To ina tsohon yake zuwa?"

"Babu inda yake zuwa. Yana taruwa a gaɓoɓi, a hanta, a zuciya, a ka. Har ƙwayoyin jinin nan sun haɗiye shi sun kasa narkarwa."

Sai da aka yi wata biyu kafin gwajin da aka tura birnin Auckland ya tabbatar da maganar. Wata likitar yara, Baturiya mai furfura, ta zo daga can, Tereapii tana fassara. Ta ce akwai ƙarin ruwa da ke sassauta jiki, amma ba ya isa ƙwaƙwalwa. Abin da ke isa shi ne dashen ɓargo. Sabon ɓargo zai haifi sababbin ƙwayoyin jini masu ɗauke da addar, su bi jiki suna raba ta. Sai dai a yi shi kafin yarinya ta cika shekara biyu, tun zuciyarta na iya ɗaukar wahalar aikin. An duba jerin baƙi masu bayarwa, mutanen tsibirai kaɗan ne a ciki, babu wanda ya dace. Saura 'yan'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yara nawa gare ki?" likitar ta tambaya.

"Uku," in ji Upokoina. "Maza biyu, sai ita."

Teokotai ya kalle ta. Ita kuwa ta kalli ƙafarta. 

Ba ƙarya ta yi ba, a ganinta da na kowa a unguwa. Mataiti, ƙanwar Teokotai da ke aure a tsibirin Tongareva can arewa, ita ta ɗauki cikin Moeroa. Tun cikin na wata huɗu ta aiko cewa in mace ce ta matar yayanta ce, tunda ita tana da uku, su kuwa ba su da mace. Upokoina ta yi tafiyar kwana biyar a jirgin ruwa, ta karɓi jaririyar da hannunta, ita ta raɗa mata suna. Wanda ya ciyar da yaro shi ne uwarsa. Ba a ɓoye wannan, amma ba a faɗarsa a gaban baƙo, balle a gaban yaron, domin faɗar kamar mayar da kyauta ne. Ban da haka, Upokoina ta yi imani jini daga abinci yake fitowa. Wata goma sha bakwai tana tauna gwaza da ayaba da bakinta tana ɗura wa yarinyar nan, daga tukunyar da mazan suke ci. In ba jininsu ba ne ke yawo a jikinta, to na wa ne?

Aka ɗebi jinin mazan biyu aka tura. Aka zauna jira. Kwalba ɗaya ta lalace a hanya, aka sake ɗiba. Hutun Kirsimeti ya shiga. Moeroa ta cika wata ashirin, sannan ashirin da ɗaya. Kalmominta uku ne: Mama, kaza, da ba ni.

Wata Asabar da hantsi Upokoina tana zuba ɗanyen kifi da madarar kwakwa a kwanon wani mai saye, sai ga Tereapii ta tsayar da babur a gaban rumfar, ko hular kwano ba ta cire ba.

"Ke, zo nan baya."

"Bari in sallami..."

"Bar shi ya mutu da yunwa. Zo!"

A bayan rumfa, kusa da tulin ɓawon kwakwa, Tereapii ta zaro takarda tana kaɗa ta.

"Wace ce ta haifi yarinyar nan?"

"'Yata ce."

"Ban tambaye ki 'yar wa ce ba, sarauniyar shiru. Daga cikin wa ta fito? Takardar nan ta ce ba ta haɗa uwa da yaranki ba, ba ta haɗa uba ba. Na ɗauka mu muka cuɗanya kwalabe, har na yi wa mutanen can rashin kunya a waya."

"Mataiti ce," in ji Upokoina a hankali. "Amma ni na ciyar da ita. Tukunya ɗaya suke ci da yayyenta tun..."

"Tukunya!" Tereapii ta cire hular ta dafe kai. "Wayyo ƙawata. Ɓargo ba ya sanin tukunya. Ko shekara ɗari kika yi kina tauna mata gwaza, ƙwayoyin jininta na wanda ya haife ta ne. Ba ki ji matar nan ta ce uwa ɗaya uba ɗaya ba? Da bakina na fassara miki!"

"Na ji. Ai uwarta ɗaya, ni."

Tereapii ta sauke takardar. Ita ma a gidan kakarta ta tashi, kuma ba ta taɓa kiran tsohuwar da wani suna ba sai Mama. Ta zauna a kan juyayyen bokiti.

"Ni ya kamata in tambaya," in ji ta. "Na daɗe a waje, na manta da yadda muke. Mataiti tana da yara nawa da mijin nan?"

"Uku."

"Uku! Wata huɗu muka zubar, ga uku can zaune suna wasa da yashi."

A ranar Teokotai ya kira ƙanwarsa. Kalmomin sun yi masa nauyi, sai Upokoina ta karɓi wayar, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba: ina roƙon jinin 'ya'yanki don 'yar da kika haifa. Mataiti ta ce, "Yaya, me ya sa ba ki ce ba tun farko? Ko ƙasusuwansu kike so ai zan kawo."

Amma jirgin ruwa ya bar Tongareva kwana tara da suka wuce, kuma lokacin guguwa ya shiga, ba zai koma ba sai iska ta kwanta. Jirgin sama kuwa ba ya sauka can sai da man komawa a ganguna, gangunan kuma jirgin ruwa ke kai su. Jinin da za a ɗiba a can ba shi da hanyar fita. Tereapii ta rubuta wasiƙu, fasto ya sa aka yi addu'a Lahadi uku a jere. Kowace safiya Teokotai yakan tsaya a bakin teku yana kallon gajimaren arewa, kwale-kwalensa a kife.

Moeroa ta cika shekara biyu a watan Afrilu. An gasa alade a rami, an sa mata rigar maɓalli da furanni a ka. Ba ta iya miƙewa tsaye ba sai da jingina, kuma baƙin idonta ya fara hazo kamar gilashin da ruwan gishiri ya daɗe yana dukansa. In ta yi rarrafe daga ɗaki zuwa ƙofa sai leɓenta ya yi shuɗi.

Jirgin ruwan ya iso a watan Yuni. Mataiti ta sauko da yaranta uku da buhun busasshen kifi. Kai tsaye aka wuce da su ɗakin Tereapii. Wannan karon amsa ba ta jima ba: babbar, Ngatokorua, mai shekara tara, ta dace da Moeroa ciki da waje. Tereapii ta rungume takardar kamar jariri.

A makon ne kuma likitar mai furfura ta dawo, ta ɗora na'urar hoton zuciya a ƙirjin yarinyar. Ta daɗe tana kallo. Ta sake shafa mai, ta sake kallo. Sannan ta yi magana a hankali, Tereapii kuma ta ƙi fassarawa sai da Upokoina ta taɓa gwiwarta.

"Ta ce abin ya cika naman zuciyar, ya yi kauri, ƙofofinta ba sa rufuwa. Maganin da ake bayarwa kafin dashe zai kashe ta. Za a fara ƙarin ruwan, a sake dubawa nan gaba, amma ta ce kada ki sa rai."

"Da a ce tun watan Nuwamban bara aka yi dashen fa?"

Tereapii ta juya tambayar. Likitar ta kalli hoton, ta kalli uwar, ta ce ba za ta iya sani ba. Upokoina ta gane amsar.

Da suka koma gida, Mataiti ta kwance ƙunshinta ta fito da 'yar farar hula da ta saƙa da ɗanyen ganyen kwakwa a watannin jira, da ƙwanson lu'ulu'u a tsakiyarta. Da kan 'yarta ƙarama ta auna, mai shekara uku. Ta ɗora wa Moeroa, hular ta tsaya a saman ka, ta ƙi shiga. Ta cire ta a hankali ta ajiye a kan tabarma.

Upokoina ta ɗauko yarinyar ta miƙa mata da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Karɓi. Kin ba ni lafiyayya, ga abin da na mayar da ita."

Mataiti ta ɓoye hannuwanta a baya.

"Kul, Yaya. Da ciwon na ba ki ita, daga cikina ta fito da shi. Kada ki ƙara miƙo min 'yarki kamar kwanon aro. Ba ki ji tana kira ba? Yunwa take ji."

Moeroa tana jan wuyan rigar Upokoina da lanƙwasassun yatsunta, tana cewa ba ni, ba ni. Upokoina ta zauna a bakin murhu, ta buɗe tukunya, ta gutsuri gwaza ta sa a bakinta, ta fara taunawa.