Littafin da Ke Ƙarƙashin Ganyen Albasa

Tun shigowar sanyi ake jin wani sauti a hawa na uku na dogon benen da ke bayan kasuwar kifi ta garin Gunsan. Ba kuka ba ne, ba waƙa ba. Yakan fara da zarar an kwashe kwanukan abincin dare, ya yi ta tafiya yana tuntuɓe kamar kurciyar da ta faɗa bututun ruwa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tahowa. Wani lokaci har da 'yar dariya a ƙarshensa.

Tsoho Pyo ya fi kowa jin sa, don bango ɗaya ya raba shi da Kaka Mal-sun. Tun da ya ajiye tuƙin bas, ba shi da aiki sai kallon wani shirin talabijin na 'yan sakandare, inda kowane mako ake neman ɗalibi ɗaya a rasa. Saboda haka a ganinsa ya san ma'anar irin wannan sauti. Ran Asabar da safe ya tare ta a bakin matakala, tana rataye da jakar cefane.

"Kaka, ki gaya mini gaskiya. Wa kika kulle a ɗakinki?"

"Mijina na biyu," ta ce. "Kana son zama na uku?"

"Ba wasa nake ba. A shirin jiya ma tsohuwa mai sayar da wainar shinkafa ce ta ɓoye yaron."

"Gemu duk furfura, kana tsoron yara masu kayan makaranta. Matsa in wuce."

Ya matsa, amma bakinsa bai matsa ba. "To ki dawo da wuri. Akwai taro da rana a ɗakin karatu. Shugabarmu Maman Ji-ho za ta kwashe littattafan soyayyar nan a sa tebura. Motar masu kwasar takarda ma yau za ta zo."

Kaka Mal-sun ta sauka. Sai da ta kai bencin da ke gindin bishiya ta zauna, ta cusa hannu cikin jakar. A ƙarƙashin ganyen albasa akwai littafi mai bango ruwan hoda, na uku a cikin jerin bakwai.

Ba ta taɓa shiga aji ba tana yarinya. Ta girma tana sayar da busasshen kifi, ta aurar da 'ya'ya, ta binne miji, kuma duk wanda ya miƙo mata takarda sai ta ce ta manta tabarau a gida. Ko 'ya'yanta sun yarda da tabaran nan. Bara ta fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a wata unguwa mai nisa, tana ce wa maƙwabta asibiti take zuwa saboda gwiwa. Da farko haruffan sun yi mata kama da kayan ɗaki: wannan ƙofa, wannan kujera, wannan mutum ne da hula. Rannan sai kayan ɗakin suka fara magana. Malamar ajin ta ba ta littafin zomo da kunkuru. Ta karanta, ta mayar, ta ce ita ta wuce shekarun damuwa da zomo.

A ɗakin karatun ƙasan benensu ta tarar da kantar littattafan soyayya da ƙura ta rufe. Ta ɗauki ɗaya don bangonsa ya yi mata kyau. Labarin wata yarinya ne da wani yaro mai keke, kullum suna haɗuwa a tashar bas ba sa iya cewa komai. Ita da aka kai gidan miji ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, sai ga ta tana zagin yaro a cikin takarda don ya ƙi buɗe baki. Ba ta iya karatu a zuci ba tukuna. Sai ta furta kowace gaɓa kafin ta gane ta.

Yanzu ga shi za a zuba sauran huɗun a mota. Idan ta yi shiru sun tafi. Idan ta yi magana, duk benen zai san abin da ta ɓoye tun tana budurwa.

Da rana ɗakin ya cika. Maman Ji-ho, shugabar mazauna benen, ta tsaya kusa da kantar, kwalaye a gefen ƙafarta. Mace ce mai tsabta da kaifin baki, ɗanta zai zauna jarrabawar shiga jami'a bana.

"Ba zan ja magana ba," ta ce. "Yaranmu suna buƙatar wurin zama su yi bita. Waɗannan kuwa shirme ne. Yaro ya kalli yarinya, yarinya ta kalli ƙasa, an cinye littafi guda."

"Gaskiyarki," in ji Tsoho Pyo. "Gara shirinmu na talabijin. Aƙalla yaro zai koyi kada ya bi kowa ɗakin ajiya."

"Shi ma shirmen ne, Baba. Jini da ihu."

"A'a, a nan kam ba mu shirya ba! Akwai basira a ciki. Mako uku ina zargin mai gadi, ashe shugabar aji ce."

Aka yi dariya. Kaka Ok-bun ta hawa na biyar, wadda ba ta zuwa taro sai don shayin sha'ir, ta ce, "Kai da ko maƙwabciyarka kake zargi."

Maman Ji-ho ta tafa hannu. "Magana ɗaya ce. Yaran yanzu a waya suke karanta nasu. Waɗannan ba mai taɓa su. A nuna mini mutum ɗaya a benen nan da ke karanta su, in bar su inda suke."

A waje aka ji motar takarda tana ja da baya.

Kaka Mal-sun ta miƙe, gwiwar da ta daɗe tana yi wa ƙarya ta yi ƙara da gaske. Ta ɗora jakarta a tebur, ta fitar da ganyen albasa ta ajiye gefe, sannan ta zaro littafin.

"Ni ce."

"Haba Kaka," Maman Ji-ho ta ce tana murmushi. "Ke da idonki ba ya gani sai da tabarau?"

"Idona ras yake, 'yar nan. Yana ganin ƙaya a cikin kifi. Karatu ne ban iya ba. Bara na koya."

Ta buɗe inda ta sa tsinken tsintsiya, ta ɗora yatsa a kan layi. Kunnuwanta sun yi zafi.

"Ru-wa ya fa-ra sau-ka. Ba ta zo da le-ma ba."

Tsoho Pyo ya zabura. "Shi ne! Sautin nan ne!"

"Rufe mana baki," in ji Kaka Ok-bun.

Ta ci gaba. Ta yi tuntuɓe, ta koma baya, ta sake tahowa. Yaron ya iso tashar da kekensa, ya tsaya, ya cire rigarsa ta sama zai miƙa wa yarinyar, sai ya fasa. A layi na goma muryarta ta daidaita. A ƙasan shafin ta manta da mutanen ɗakin, ta daki takardar da bayan hannu.

"Ka ba ta mana, sakarai! Sanyi zai kama ta!"

Ɗakin ya fashe da dariya, sai tafi ya biyo baya. Kaka Ok-bun ba ta tafa ba. Ta matso da kujerarta har ta gogi ta Mal-sun, ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji.

"Ajin nan naki, ranar yaushe ake yi? Ni ma tabarauna sun daɗe da ɓata."

Wata tsohuwa a baya ta yi tari, ta ce a tambayar mata ita ma.

Direban motar ya leƙo. "Ina kayan?"

Maman Ji-ho ta dubi kwalayen, ta dubi kantar. "Babu kaya, Malam. Ka yi haƙuri mun wahalar da kai." Ta juyo ga mutane, fuskarta a ɗaure. "Na faɗa, kuma ba na magana biyu. Za a jera teburan ta jikin taga."

Kaka Mal-sun ta zauna a hankali, ta rungume littafin. Ji take kamar ta sauke kwandon kifi da ta ɗauka tun daga bakin teku.

"To ci gaba mana," in ji Tsoho Pyo, ya riga ya jawo kujera. "Ba wai ya dame ni ba. So nake in ji ko za a sace wani."

Ta juya shafi. Bas ta zo, yarinyar ta shiga. Washegari yaron bai zo tasha ba, jibi ma haka. A ƙarshen babin aka ce iyayensa sun yi ƙaura zuwa wani gari. Kaka Mal-sun ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Shi ke nan? Ya tafi bai ce mata komai ba?"

"Kada ki damu, Kaka," Maman Ji-ho ta ce tana naɗe wani kwali, ba ta ko ɗago ba. "A na biyar zai dawo, ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba."

Hannunta ya tsaya a kan kwalin.

Tsoho Pyo ya karkata kai, ya ƙanƙance ido kamar yadda yake yi a gaban talabijin.

"Maman Ji-ho, ke ya aka yi kika sani?"