Igiyar Da Ke Tsakaninmu

Ranar da 'yata ta zo ɗaukar uwarta, na riga kowa tashi. Na zauna a bakin gado ina kallon tsohuwar. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, baki ya rufe, ido yana buɗe amma ba ya bin kowa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji 'yata, tana ninke zannuwa cikin jaka. "A gidana akwai mai kula da ita, asibiti kuma kusa. Ita fa ba ta san inda take ba. Nan da can duk ɗaya ne a wurinta."

"Wa ya gaya miki?"

"Likita."

"Likitan ya zauna da ita shekara arba'in?"

Ta ci gaba da ninki. Gidanta tafiyar yini ce a mota, kuma ta sani na sani, in aka fita da uwarta ba za a dawo da ita ba.

Ni tela ne. Ina kan keke, matata tana gefena a kan kujera 'yar tsugunne, tana sa maɓallai. Shi ya sa duk layinmu ake ce mata Mai Maɓalli. Tana son waƙa, ni kuma ba na son hayaniya a shago, saboda mai kawo ɗinki ya ji abin da na faɗa, in ji abin da ya faɗa. Sai na sayo mata rakoda da abin sawa a kunne, irin na da, mai kama da kwano biyu da aka haɗa da baka. In ta kifa shi, ko shagon ke cin wuta ba ta ji. Da ya mutu aka kawo mai soso da siririn ƙarfe. Shi ne ta karya gida biyu da gangan, ta miƙo mini ɓari.

"Karɓi, Tela. Kunne ɗaya ya ishe ka jin masu kawo ɗinki, ai ba gaskiya suke faɗa ba."

Daga baya ƙanana suka fito, masu shiga cikin kunne, sai ya zama na dama nawa, na hagu nata. Igiyar ba ta kai kamu uku ba. In zan ɗauko almakashi sai ta sunkuyo, in za ta ɗauko zare sai na karkata. Akwai wata waƙa da take so a wani tsohon kaset, wurin da kiɗa ke tsayawa muryar matar ta rage ita kaɗai. In an zo wurin sai ta ja igiyar sau biyu, wato in mayar baya. Wani lokaci in yi kamar ban ji ba, sai ta fizge har ya fita daga kunnena.

Shekara uku da suka wuce 'yata ta kawo mana marar igiya, cikin ɗan akwati kamar na ajiye allura. Ta ce mun huta da sarƙewa. Ni ma da bakina na ce na huta da ja. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: Mai Maɓalli ta ja kujerarta bakin ƙofa inda ake shan iska, ni ina ciki. Waƙa ɗaya muke ji, amma ban ƙara sanin wurin da ta fi so ba. Ban ce ta dawo ba. Girman kai ne, kuma nawa ne.

Na ce wa 'yata ta ba ni zuwa azahar. Ta ce ta riga ta gwada sa mata waƙa sau da yawa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na ce na gani.

Na tono rakodar daga ƙarƙashin teburin yanka, na kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi, wanda yanzu wayoyi yake gyarawa. Ya hure ƙurar, ya dube ni.

"Tela, wannan ai tare za a binne ku."

"Kai za ka riga mu. Gyara."

Ya sauya robar da ke juya kaset, ya sa batir. Igiyar ta tsinke a wuya, ya ce bari ya ba ni sabuwa, doguwa. Na ce a'a, wannan ɗin zai liƙe, ko da ta rage tsawo. Ya ɗago zai yi magana, ya ga fuskata, ya ɗauki dalma.

Da na dawo, surukina ya riga ya kawo mota ƙofar gida. Na ja kujera jikin gadon, don igiyar ta ƙara gajarta, sai da na kwantar da kafaɗata a kan filo. Na sa mata na hagu, na sa na dama. Na ɗora igiyar a kan hannunta mai sauran motsi, na danna.

Kaset ya tsufa, muryar tana rawa. 'Yata tana tsaye da jaka a hannu. Waƙar farko ta wuce, ba komai. Ta biyu ta wuce. Na ce a raina, in ba ta nan, to ba ta nan, ba zan riƙe gangar jiki don son kaina ba.

Kiɗan ya tsaya, muryar ta rage ita kaɗai. Na ji ja a kunnena. Na sake jin wani.

"Kin gani?"

"Baba, hannun nan yakan motsa haka kawai," in ji ta, a hankali, kamar mai tsoron ta fasa wani abu.

Gani ya kori ji. Na naɗe hannuwana a ƙirji, na ƙi mayarwa, na bar waƙar ta ci gaba. Ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya irin wannan ba. Yatsun suka lalubi igiyar, suka naɗe ta a ɗan yatsa kamar zare, suka fizga. Abin ya fita daga kunnena ya faɗi a kan zanin gado.

'Yata ta ajiye jakar. Ta durƙusa, ta kifa goshinta a kan hannun uwarta, ta daɗe a haka. Surukina ya leƙo yana tambaya ko a shigo a ɗauke ta. Ba ta ɗago ba, ta ce masa ya kashe motar, mai kula ɗin za a kawo nan.

Na ɗauki abin na mayar a kunnena.

"To, Mai Maɓalli, na ji. Ba sai kin cire mini kunne ba."

Na mayar da kaset ɗin baya.