Bangon Mashigin Panama

Tun da jirgin ruwan shaƙatawa ya baro Miami, Marisol ta kasa fito da 'yarta Itzel daga ɗaki. Yarinyar ta taɓa faɗawa kogi, tsoron ruwa bai sake ta ba.

Da suka shiga matsatsin mashigin Panama, aka rufe manyan ƙofofi a bayan jirgin, fasinjoji suka yi ta shafa bangon mashigin, wai sa'a ce.

"Zo, an kulle teku a waje," in ji Marisol, tana jan Itzel zuwa wajen bangon.

Wani tsoho ya ce, "Sassauta mata mana, ai ba kifi ba ce."

"Baba, riƙe sandarka, in riƙe 'yata."

Itzel ta shafa bangon, sannan ta leƙa ƙasa.

"Mama, ashe ruwan ɗan kaɗan ne. Gobe ma ki fito da ni."