Wanda Ya Amsa Wolterink

Tun da Fenne ta haihu, mahaifinta Derk bai ci abinci da daɗi ba. Jikan namiji ne, lafiyayye, amma sunan gidan ke ci wa tsohon rai.

A yankinsu na Twente gona ce ke da suna, ba mutum ba. Wani Wolter ne ya fara sare dajin nan, shi ya sa ake kiran gonar Wolterink, wato gidan su Wolter. Duk wanda ya auri 'yar gidan ya tare, sai ya bar sunan ubansa a bakin ƙofa ya ɗauki na gonar. Derk ma haka ya yi. Yanzu kuwa hukuma ta hana canza suna, ga surukinsa Krijn, mutumin bakin teku, mai taurin kan tsiya.

"Ni Haring nake, Baba, a Haring zan mutu," in ji shi tun ranar aure.

Haring kuwa sunan wani kifi ne, ga shi a gonar hatsi. Tun daga ranar tsoro bai bar Derk ba, kada a binne Wolterink tare da shi.

Ranar barka maƙwabta suka iso da burodin zabibi na al'ada, mai tsawon mutum, sun ɗoro shi a kan tsani. Leida, tsohuwar da ke jan gaba, ta tsaya a tsakar gida tana haki.

"Wolterink, fito ka kama mana, kafaɗunmu sun mutu."

Derk ya fara laluben sandarsa, gwiwoyi na gardama. Bai kai ga miƙewa ba sai murya ta fito daga garken shanu.

"Ga ni nan, Inna Leida."

Krijn ne, yana goge hannu a wando. Har ya sa kafaɗa a tsanin kafin ya lura kowa shi yake kallo.

"Af, ɗan kifi," in ji Leida, "yaushe ka zama Wolterink?"

Kunnuwan Krijn suka yi ja. "Shanun Wolterink nake tatsa kullum, Inna. In an kira, wa kike so ya amsa, su?"

Aka kwashe da dariya. Derk ya jingine sandar, ya koma kujerarsa a hankali, wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Takarda ta rubuta abin da ta ga dama, gari ya riga ya kira, an kuma amsa.

"Fenne," ya ce, "yanko mini babba, ki shafa man shanu da yawa."