Sarƙar Keken Kiptanui

Tun da na binne 'yata Jelagat ban sake taka coci ba. Na kuma gaya wa abokan hawan kekena, Kiptanui da Barmasai, duk wanda ya yi min zancen Allah mun raba hanya. Suka ce to. Har addu'ar da muke yi a bakin dutse, hular kwano a hannu, kafin mu gangara kwarin Kerio, suka daina.

Ban yarda da su ba. Mutanen da ko shayi ba sa kurɓa sai sun ce amin?

Na sa musu ido. Kowace Asabar, daidai wurin nan, sai sarƙar keken Kiptanui ta zame, Barmasai ya tsaya wai zai riƙe masa.

Na ce wa Kiptanui, "Wannan sarƙa taka kalanda take dubawa?"

Ya ce, "Tsufa ne, irin na gwiwoyinka. Wuce, za mu kamo ka."

Ranar nan na yi kamar na gangara, na kama birki bayan wani dutse, na lallaɓo da ƙafa. Sarƙa lafiyarta ƙalau. Suna tsaye kai ba hula, Kiptanui na ambaton sunana.

Na ce, "Munafukai!"

Barmasai ko ido bai buɗe ba. "Cewa ka yi kar mu yi maka zancen Allah. Ba ka ce kar mu yi masa zancenka ba. Cire hular ko ka matsa, ba mu gama ba."

Na matsa. Amma ban yi nisan da ba zan ji ba.