Baƙin Tallafi a Salka

Ranar da masu ba da tallafi za su zo daga Kontagora duba ƙungiyar zawarawan Salka, shugabarsu Alheri ta rantse baƙo ba zai ga kasawarsu ba. Suka aro kujeru daga coci, aka yanka kaji, kowacce ta ɗaura zanen bikinta. Mataccen injin niƙan da suke roƙon a canza musu kuwa, suka lulluɓe shi da sabuwar tabarma.

Baƙin suka ci, suka yaba, suka tafi.

Daga baya sakatariyar ƙungiyar, Jawahir, ta dawo da amsa. "Yaya, wai sun ga muna da rufin asiri. Sun kai tallafin wani ƙauyen."

Alheri ta daɗe tana kallon akurkinta. Kajin da aka yanka su ne na ƙarshe.