Tayoyin da Baba Ya Saka

Shekara bakwai babur ɗin yana ɗakin ajiya, lulluɓe da tsohon bargo, tsakanin mataccen keken ɗinki da kujerun da suka rasa ƙafa. Tun da ciwo ya kwantar da Baba ba wanda ya tayar da babur ɗin, bayan rasuwarsa kuwa ko bargon ba a ɗaga ba. Sai da likita ya ce dole Inna ta riƙa zuwa asibiti gashin ƙafa sau biyu a mako, sannan Auta ya fito da shi.

Makaniki ya canza mai da batir, inji ya tashi. Saura iska. Auta ya gangara da babur ɗin wurin mai faci, tsohon abokin Baba, yana tafe yana kallon tayoyin da alfahari. Mako biyu kafin Baba ya kwanta ya saka su sababbi, zanensu yana nan daram, ko 'yan gashin robar ba su gama zubewa ba. Su ne abu na ƙarshe da ya saya da hannunsa.

Mai faci bai ko kalli famfo ba. Ya tsuguna, ya goge gefen taya da tsumma, ya nuna wa Auta wasu lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Shekararta tara, ashe ta daɗe a shago kafin Baba ya saya. Ya ce roba ba ta jiran a hau ta kafin ta tsufa, a zaune ma bushewa take. Da ya matsa ta, sai ƙananan tsagu suka buɗe kamar faso a dunduniya.

Ran Auta ya ɓaci. Wanda ba ya son gaskiya, mai faɗinta yake fara zargi. A zuciyarsa har ya ce tsohon ciniki yake nema.

"Kawu, ko kilomita ɗari fa ba su yi ba."

"Kyan ɗan maciji ne da su. Wa za ka goya a baya?"

"Inna."

"To sa farcenka, yadda mahaifinka yake yi."

Nan take Auta ya tuna. Kullum da safe, kafin Baba ya hau, sai ya sunkuya ya danna farcen babban yatsa a taya, su kuwa yara suna dariya wai mintsininta yake don ta farka. Auta ya danna. Farcen ya lanƙwashe, robar ko gezau. Auta ya san wanda ya sayi tayoyin nan shi ne zai fara cewa a yar da su. Ya ce a cire duka biyun a saka sababbi, ya juya baya har aka gama.

Bai iya gaya wa Inna ba. Ranar Litinin da safe ta fito tana dogara sanda, ta tsaya ta dubi sababbin tayoyin, ta daɗe. Auta ya shirya amsar da zai ba ta. Ta miƙa masa sandar, ta dafa sirdi, ta sunkuya da ƙyar, ta danna farcenta a tayar baya.

"Ya shiga," ta ce. "Shekara talatin ina kallonsa yana yi. Riƙe ni in hau."